Riba ce kaɗai ke tuƙa siyasar wajen Nijar?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Yau a aji aka ce mana ƙasa ba ta da aboki sai riba, wai duk matakin da Nijar ta ɗauka tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 lissafin yuraniyom ne da mai da tsaro. Ni dai ban gamsu ba.

Alhajin Kasuwa: Ɗana, gaskiya aka gaya muku. Muna rigima da Benin, iyaka a rufe, amma man Agadem ta ƙasarsu yake fita teku.

Malama: Alhaji, in riba ce kawai, me ya fitar da mu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma? Ta ɗage mana takunkumi a Fabrairun 2024, duk da haka aka kammala ficewa a Janairun 2025. Dole a duba yadda mutane suka ɗauki abin. An yanke mana wuta daga Najeriya, an yi barazanar yaƙi, jama'a suka ji an taɓa mutuncinsu. Wanda bai saurari abin da masu zaman dirshan suke faɗa a ƙofar sansanin Faransa a Yamai ba, ba zai gane fitar sojojinta a Disamban 2023 ba.

Alhajin Kasuwa: Malama, mutunci bai rage mana kuɗin buhun shinkafa ba.

Baba Direba: Ku bari in faɗi abin da idona ya gani. Lokacin da aka rufe iyakarmu da Najeriya, a Ɗan Isa motoci sun yi jere, albasa na ruɓewa cikin buhu, ƙuda ko'ina. Amma in an yi rasuwa a Jibiya, sai mutane su bi daji da babur su je gaisuwa. Sanatocin Arewacin Najeriya suka ƙi yaƙin, malamansu suka tako har Yamai. Katsina da Maradi gida ɗaya ne, shi ya hana su.

Alhajin Kasuwa: Baba, da tsoron asarar kasuwa a ciki, kar mu ɓoye.

Malama: Akwai, ban musa ba. Amma wa ke yanke abin da za a kira asara? Lokacin yaƙin Biyafara Faransa na bayan Ojukwu, jagoran 'yan aware, shugabanmu na lokacin Diori Hamani ya tsaya da gwamnatin Gowon ta Najeriya, alhali kuɗinmu na hannun Faransa. Ya ɗauki wargajewar Najeriya a matsayin asarar da ta fi fushin Paris.

Ɗalibi: To Malama, in zan yi bincike, da me zan fara?

Malama: Ka samo hirarrakin Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, na Hausa ka jera su da na Faransanci, ka ga wa yake kira ɗan'uwa, wa yake kira maƙiyi.

Alhajin Kasuwa: In ka gama, ka biyo kasuwa ka ji na 'yan canji ma.