Shin lissafin CAPM ya mutu ne?

Ɗalibi: Malamai, ina da ƙorafi a kan CAPM, lissafin da ke hasashen ribar da hannun jari zai kawo gwargwadon haɗarinsa. Tun 1992 masana Eugene Fama da Kenneth French suka bi diddigin hannayen jarin Amurka, suka ga beta, ma'aunin da CAPM ya dogara da shi na yadda hannun jari ke hawa da sauka tare da kasuwa, ba ta bayyana dalilin da hannun jarin wani kamfani ke fin na wani kawo riba. Ƙananan kamfanoni, da waɗanda farashinsu ya yi arha idan aka gwada da darajar kadarorinsu, sun kawo riba fiye da hasashen CAPM. Don me har yau ake sa mu haddace shi? Gawa ce ake wa kwalliya.

Malama: A hankali, ɗana. Abin da William Sharpe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro CAPM, ya zo da shi a 1964 shi ne, kasuwa ba ta biyanka lada a kan haɗarin da kai da kanka za ka iya kawarwa idan ka rarraba kuɗinka a kamfanoni da yawa. Haɗarin da ya game kasuwa duka, shi ake biya. Wannan bai faɗi ba. Su Fama ɗin ma a 1993 ba su yar da beta ba, ma'aunai biyu suka ƙara mata, girman kamfani da arharsa.

Dillali: Ranki ya daɗe, a allo komai daidai ne. Ranar 19 ga Oktoba 1987 Dow Jones, ma'aunin kasuwar hannun jarin Amurka, ya zube da kashi 22.6 cikin ɗari a yini guda. Wane lissafi ya hango? Ga LTCM, wani asusun zuba jari na Amurka, da masana Myron Scholes da Robert Merton a ciki: Nobel a 1997, durƙushewa a 1998, sai da manyan cibiyoyin kuɗi 14 suka haɗa kusan dala biliyan 3.6 aka tallabe shi.

Malama: Alhaji, ka haɗa zance biyu. Su LTCM bashi mai yawa suka ci suka zuba, sai Rasha ta kasa biyan nata a watan Agusta. Ina laifin Sharpe a nan?

Dillali: Laifin, sun yarda da lamba har suka daina tsoro.

Akanta: Ni dai idan aka ce in kimanta sabon aiki, dole in fito da ribar da masu jari za su nema. Da CAPM nake farawa, saboda kowa a teburin ya san inda lambar ta fito kuma zai iya musanta ta.

Ɗalibi: Yaya, wato kin san yana kuskure, amma kina aiki da shi don kowa ya saba?

Akanta: Eh. Kawo wanda ya fi shi, wanda shugabannin kamfani za su gane cikin minti biyar, gobe in canja.