Kaɗa taken rawar Ayilan da jita: daga ina ya kamata a fara?

Sagir, Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da 'yan'uwa na wannan zaure. Na jima ina kaɗa jita, kuma a 'yan kwanakin nan kiɗan rawar gargajiya na ƙasar Ayilan ya shiga raina ƙwarai, musamman nau'o'in da suke kira ril da jig. Matsalata biyu ce. Ta farko, idan na bi taken jig da jita sai in ji kiɗan ya kwanta, babu wannan tsallen da ake ji a hannun masu goge da sarewa na can, ko da kuwa ban kuskure murya ko ɗaya ba. Ta biyu, kod ɗin (wato haɗin muryoyin da ake kaɗawa lokaci guda) da na saba amfani da su a sauran waƙoƙi suna karo da wasu taken, har in rasa inda laifin yake. Wasu sun ce sai na sauya ɗaurin tsirkiyoyi zuwa DADGAD, wato a ɗaure tsirkiyoyi shidan a kan muryoyin D, A, D, G, A, D, kafin abin ya yi daɗi. Shin haka ne? Kuma wanne ya fi dacewa in fara koya, kaɗa taken kansa ko yi masa rakiya?

Malam Habu, Galway:

Wa alaikumus salam, ƙanena Sagir. Ka ajiye maganar ɗaurin tsirkiya tukuna, domin abin da ka bayyana a matsalarka ta farko yana hannunka na dama ne.

Wannan kiɗa an gina shi ne domin ƙafar mai rawa, kuma kowane nau'i yana da lissafinsa. Ril yana tafiya da muryoyi takwas a kowace gaɓa, wato ɗan yankin da ake auna kiɗa da shi, a rukuni huɗu-huɗu. Jig yana da shida, a rukuni uku-uku, abin da ake rubutawa 6/8. Akwai silif jig mai 9/8, akwai honfaif wanda ya fi ril nutsuwa kuma ake jan murya ɗaya a gajarta ta kusa da ita, sannan akwai folka da silaid waɗanda suka fi ƙarfi a yankin Sliabh Luachra, kan iyakar lardunan Cork da Kerry. Yawancin taken suna da kashi biyu, kowanne gaɓa takwas, ana maimaita kowane kashi sau biyu, jimla gaɓa 32. A zama irin wanda suke kira seshon, ana zagaya take ɗaya sau biyu ko uku, sannan a faɗa cikin wani ba tare da an tsaya ba.

To, a jig, mafi yawan waɗanda suka zo daga wani salon kiɗa sukan yi ta kai ɗan robar kaɗi ƙasa da sama bi da bi. Idan ka yi haka, muryar farko za ta faɗo a bugun ƙasa, amma ta huɗu, wadda ita ce kan rukuni na biyu, za ta faɗo a bugun sama, wanda bisa ɗabi'ar hannu ya fi rauni. Daga nan kiɗan yake kwanciya. Abin da akasarin masu banjo da jita na nan Ayilan suke yi shi ne ƙasa, sama, ƙasa, sannan su sake ƙasa, sama, ƙasa. Wato akwai wurin da bugun ƙasa biyu suke bin juna, na uku da na huɗu, kuma a wannan ɗan tsakanin dole wuyan hannu ya ɗago da sauri ba tare da ya taɓa tsirkiya ba. Da farko zai yi maka nauyi. Ka danne tsirkiyoyin duka da tafin hannun hagu don kada su yi amo, ka yi ta wannan bugun a hankali kana taka ƙafa sau biyu a kowace gaɓa, har hannun ya daina neman izininka. Ka kuma lura cewa muryoyi ukun ba su yi daidai da juna cif ba: ta farko tana ɗan daɗewa, ta tsakiya tana da sauƙi da gajarta. Wannan ba ya fitowa a rubutu, sai dai kunne ya ɗauko shi daga masu kaɗawa.

Malama Rabi, Kano:

Malam Habu ya gama magana a kan hannun dama, ni kuma zan taɓa matsala ta biyu, don na fahimci inda take fitowa. Malam Sagir, taken Ayilan da yawa ba sa bin tsarin ki biyun nan, meja da maina, da aka saba da su a waƙoƙin zamani. Ɗauki ril ɗin da ake kira Drowsy Maggie. Yana zaune a kan E, kunne zai ce maka E maina ne, sai hannunka ya tafi kod ɗin C kamar yadda aka saba. Amma taken yana amfani da C mai ɗagawa rabin mataki, saboda haka kod ɗin C zai yi karo da shi. Wannan tsari shi ake kira Doriyan, kuma kod biyu sun ishe ka a yawancin wurare: E maina da D. Haka taken da ke kan A Doriyan suke son A maina da G, wani lokaci da D, amma ba F ba. Akwai kuma waɗanda suke kan D amma C ɗinsu ba a ɗaga ta ba, su kuma D da C suke nema, kod ɗin A ba ya zama da su lafiya.

A nan ne nake ganin amfanin DADGAD, kuma ni da shi nake kaɗawa. Ana sassauta tsirkiya ta shida daga E zuwa D, ta biyu daga B zuwa A, ta farko daga E zuwa D. Idan ka ɗora yatsa ɗaya a firet na biyu (wato mataki na biyu a wuyan jita) na tsirkiya ta uku, duk abin da zai fito D ne da A kawai. Babu muryar nan ta tsakiya da ke yanke hukunci cewa kod ɗin meja ne ko maina, don haka ba ka tilasta wa taken wani launi da mai goge bai nufa ba. Wannan yana da muhimmanci, saboda akwai tsofaffin taken da F ko C ɗinsu ke sauyawa a cikin kashi guda. Tsirkiyoyin da aka bari a sake suna ta amo a ƙarƙashi, kamar yadda mai garaya yake barin tsirkiya ɗaya tana riƙe da gindin kiɗa yayin da ɗayar take yawo, kuma hakan ya dace da kiɗan da ya girma tare da bututun uilleann, abin busa na Ayilan mai muryoyin da ba sa yankewa. Idan aka koma G sai ka sa kapo, abin da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka, a firet na biyar, idan E ne a na biyu.

Ɗaurin kansa ma baƙo ne a Ayilan. Davey Graham, ɗan Birtaniya, shi ya yaɗa shi a farkon shekarun 1960 bayan ya saurari kiɗan ud, wato molon Larabawa, a Maroko, sannan Mícheál Ó Domhnaill na ƙungiyar Bothy Band da Dáithí Sproule suka dasa shi a kiɗan Ayilan a shekarun 1970.

Ɗanlami, Jos:

Ina girmama bayanin Malama Rabi, amma ina tsoron kada Sagir ya ɗauka cewa DADGAD sharaɗi ne. Dennis Cahill, mai jitar da ya daɗe yana raka mai goge Martin Hayes kafin Cahill ya rasu a 2022, da ɗaurin da kowa ya sani yake kaɗawa, kuma da 'yan muryoyi ƙalilan yake riƙe ril gaba ɗaya. John Doyle kuwa tsirkiya ta shida kaɗai yake saukewa zuwa D. DADGAD yana da nasa tarkon: saboda yana da daɗi tun ranar farko, mutum yakan zauna a kan siffa biyu ko uku yana zamewa da su sama da ƙasa, sai kowane take ya fito da fuska ɗaya.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ra'ayina shi ne ka fara da taken kansa, ko da rakiya kake son ƙarewa a kai. Wannan kiɗa ya rayu tsawon zamani babu kod a cikinsa. Lokacin da Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago, ya wallafa tarin take 1,850 a 1903, layin karin kawai aka rubuta. A faya-fayen da Michael Coleman, mai gogen Sligo, ya ɗauka a Amurka a shekarun 1920 da 1930, akwai inda mai fiyano yake buga kod ɗin da ba su da alaƙa da abin da gogen ke yi, kuma har yau ana ambaton hakan da takaici. Wanda bai iya rera take da bakinsa ba, ba zai san inda yake juyawa ba.

Kaɗa karin da jita yana yiwuwa sarai, Arty McGlynn na Omagh ya nuna haka a faifansa na 1979. Sai dai akwai wahalhalu biyu da ya kamata ka sani. An tsara taken ne bisa yatsun mai goge da mai sarewa, kuma kashi na biyu yakan hau har B ta sama. Mai goge yana kai wa nan da ƙaramin yatsa ba tare da ya motsa hannu ba, kai kuwa sai ka je firet na bakwai a tsirkiya ta farko, a DADGAD ma na tara, ka dawo cikin ƙiftawar ido. Wannan kaɗai ya sa nake ganin ɗaurin da ka saba ya fi sauƙi ga kari. Na biyu shi ne ado. Mai sarewa yana da abin da suke kira rol, inda yake yanka doguwar murya da wata ta sama da wata ta ƙasa alhali numfashinsa bai tsaya ba. Muryar jita tana fara mutuwa da zarar an kaɗa ta, saboda haka masu jita sukan ari dabarar masu banjo, su sa bugu uku masu sauri a gurbin biyu, ko su yi amfani da yatsan hagu wajen dannawa da fizgewa.

Sagir, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na gwada bugun da Malam Habu ya kwatanta, kuma ko a hankali an ji bambanci. Zan bar ɗaurin yadda yake a yanzu. Malam Habu, wane take kake ganin ya dace da mai farawa, kuma idan Allah Ya sa na sami masu kaɗawa tare, akwai ladabin da ya kamata in kiyaye?

Malam Habu, Galway:

Ka fara da jig ɗin da ake kira The Kesh. Yana kan G, kusan kowa ya san shi, kuma kashinsa na biyu zai sa ka yi wannan hawan zuwa firet na bakwai da Ɗanlami ya ambata. Ka koye shi da kunne, ka rage saurin faifan idan ya yi maka gudu, sannan ka duba rubutu don tabbatarwa kawai.

Game da ladabi, abin da aka fi kiyayewa a nan shi ne jita ɗaya a lokaci guda, domin masu rakiya biyu ba safai suke zaɓar kod iri ɗaya ba, kuma idan suka saɓa masu karin ne ke shan wahala. Wanda ya fara take shi ke da saurinsa, ba a tura shi gaba. Idan aka shiga taken da ba ka sani ba, ka saurari zagaye na farko gaba ɗaya kafin ka taɓa tsirkiya. Yawancin seshon a mashaya ake yinsu, amma ba nan kaɗai ba: rassan Comhaltas, ƙungiyar raya kiɗan gargajiya na Ayilan wadda aka kafa a Mullingar a 1951, suna shirya azuzuwa da zama a ɗakunan taro, kuma da yawa suna da zama na musamman mai tafiya a hankali domin masu koyo. Idan ka iya The Kesh, ka naɗi kiɗanka ka turo mana, zan saurari bugun na huɗu in gaya maka ko ya zauna.