Hajiya na son tumtum ruwan hoda da duwatsu, raina bai so ba, ku ban shawara

Maman Ihsan, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo. Wata Hajiya ta zo min jiya da odar kayan ɗakin ɗiyarta, tumtum 6 da jakar hannu 2 da alabe ɗaya na uwar ango, biki sati 5 masu zuwa. Ta ce lallai fatar jar akuya take so ta asali ba ta kanti ba, har na ji daɗi na fara lissafin karan dafi a raina, sai ta ciro waya ta nuna min hoto wai haka take so, a shafe fatar gaba ɗaya da fenti ruwan hoda a bi gefe da ruwan gwal a manna duwatsu masu ƙyalli irin na leshi, sannan a rubuta sunan amarya da na ango da manyan baƙaƙe a tsakiya. Wallahi a gidan dukanci na tashi amma ban taɓa ganin an yi wa fata wannan wulaƙancin ba, daren jiya ko barcin kirki ban yi ba. Kuɗin kuma masu kauri ne ko ciniki ba ta yi ba, kun dai san yanayin gari. In karɓa ko in ce mata hannuna a cike yake?

Usee Tela, Mabera:
Anti karɓi kuɗinki. Ke za ki zauna a ɗakin?

Baba Baduku, Madunka:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni tun ina yaro aikin hwata ni ka yi, kuma abin da ni ka hwaɗa ma yarana kullum shi na, ka raba abin da ranka bai so da abin da hwata ba ta so. Kala ba taki ba ta, ta mai kuɗɗi ta, in tac ce ruwan hoda to ruwan hoda, Usee ya yi gaskiya nan. Amma fenti bisa hwatar akuya wanga ba zancen ra'ayi ba na, ɓarna ta. Hwatar da anka jeme da bagaruwa tana shan rini tana shan mai, tana lanƙwasa in an zauna bisa ta koma, fenti ko bisa kawai shi ka zama bai shiga ciki, hunturu guda za shi tsattsage awa ƙasar fadama da rani, kuma ranar da yat tsage ba mai cewa Hajiya ta zaɓi fenti, cewa za a yi aikin wance ba shi da ƙarko. Wagga hwata ita ta anka riƙa ɗauka bisa raƙuma ana ƙetare Sahara da ita har Turawa sunka sa mata sunan hwatar Maroko alhali tamu ta, ba don fenti sunka so ta ba.

Maman Ihsan, Runjin Sambo:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi abin da ke raina ke nan na rasa yadda zan faɗa mata ba tare da ta ji kamar na raina zaɓinta ba

Usee Tela, Mabera:
To bari in ba ki nawa labarin tunda ɗazu a gurguje na yi magana. Abu ɗaya da zan roƙe ki kar ki yi shi ne ki karɓa sannan ki gyara a ɓoye. Shekara 3 da suka wuce wani Alhaji ya kawo min farar shadda Getzner wai babbar riga, ni ina ganin shaddar na ce wannan aska takwas za ta ɗauka zare kala ɗaya shi ke nan, shi kuma wai aikin kwamfuta yake so kala 5 har da kore da ruwan ɗorawa kamar tutar jam'iyya. Na ce to. Da ya tafi na ce wannan bawan Allah bai san abin da yake so ba in ya ga mai kyau zai gode min, na rage kala zuwa 2 na yi masa aiki mai tsabta wanda har yau ina alfahari da shi. Ranar da ya zo karɓa ko taɓa rigar bai yi ba, ya ce ba ita ya ce a yi ba, kuma gaskiyarsa, sai da aka shiga tsakani na biya kuɗin shadda kashi uku, rigar tana nan ƙanena yake zuwa Juma'a da ita. Tun daga nan duk odar da ban gamsu da ita ba sai kwastoma ya turo min hoton da kansa kuma ya yi min vois da bakinsa yana faɗin kala da dizain, in ajiye, sannan adibas 70 cikin 100 don irin wannan aikin in ya fasa ba wanda za ka sayar wa. Kuma ba na sa lambar shagona a wuyan rigar, ba na sawa a sitatus.

Anti mai kwarashi, Arkilla:
Usee cire lamba a Sakkwato wa kake ɓoye wa? 😂 'Yan ganin ɗaki kafin su sha ruwa sun tambayi wa ya yi wannan kuma uwar amarya za ta faɗa. Ni fa abin da ya ba ni mamaki, saƙar da na fi tsana a rayuwata wani shawul na jariri ne kala 7 da bezar ulu a kowane lungu, ina saƙawa ina tsaki, ranar suna kawai oda 9 na samu irinsa sak. To wa ke da gaskiya ni ko su? Wani lokacin mu ne muka tsaya a zamanin iyayenmu. Amma illar ita ce wata 4 na yi ina saƙa abin da ba na so har sai da kwarashin ya fita raina. Yanzu duk aikin da raina bai so ina ƙara masa kuɗi, ni kuɗin haƙuri nake kiransa, in an biya na yi in an gudu na huta

Malama Gidan Igwai:
Anti ni ban cika son wannan kuɗin haƙurin ba gaskiya, in aikin ya fi wahala ko ya fi cin kaya ki ƙara ba laifi, amma ƙari don kawai ba ki son kala kamar hukunta mutum ne a kan abin da yake so. Wannan a gefe. Maman Ihsan tambayata, mene ne sunayen da za a rubuta? Ba sai kin faɗi na mutane ba, ina nufin akwai sunan Allah a ciki?

Maman Ihsan, Runjin Sambo:
Innalillahi Malama ban ma kawo wannan ba, na angon da Abdul ya fara

Malama Gidan Igwai:
To kin gani. Tumtum abin zama ne, wani ma ƙafa yake ɗorawa, ba a rubuta irin wannan sunan a kai. Wannan ba sai kin yi kwana-kwana ba, ki faɗa mata kai tsaye kuma na tabbata ita ma hankalinta ne bai kai ba za ta gode miki. In suna dole ne a sa harafin farko, ko a yi ɗan allon fata na ratayewa a bango a rubuta a can. Ragowar kuma duk abin da kuka yi yarjejeniya a kai amana ce, kin ce za ki yi kaza to kaza za ki miƙa.

Hajiya Ummu, Gawon Nama:
Ni ba mai sana'a ba ce mai saye ce, kuma ku yi haƙuri zan faɗi wadda ba za ta yi muku daɗi ba. Wasunku kuna da raini. Ka je da kuɗinka ka ce ga abin da kake so sai a kalle ka sama da ƙasa ana murmushi kamar yau ka fito daga ƙauye, a ce ai ba a yin haka. Wa ya ce ba a yi? Yarinya ɗakinta gaba ɗaya ruwan hoda ne labule da zanin gado da kafet, ku kuna son a jibge mata jan tumtum da baƙi irin na zauren kakanta don ku ji daɗi. Da wata mai ɗinki ta yi min haka ban ce komai ba na kwashe atamfofina ban sake komawa ba. Amma wanda ya ce min Hajiya wannan zai lalace cikin wata kaza ga dalili, wallahi shi nake riƙewa har in kai masa 'yan uwa.

Baba Baduku, Madunka:
Hajiya kin hwaɗi gaskiya, muna da wanga hali, Allah shi shirye mu

Ɗan Majema:
Ni fa ina ganin ana ta wahala a kan abin da ke da sauƙi. Jar akuya gashinta ne ja, fatar in an jeme ta ba a rina ba ai fara-fara take fitowa, mu muke sa mata ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. To Anti ki sayi wadda ba a rina ba ki zaɓi masu haske sosai marasa tabo, ki samu galura ki tsarma ta da ruwa sosai ki riƙa shafawa sama-sama kina bari ta sha iska kina ƙarawa har kalar ta kai inda kike so, kar ki zuba mai kauri lokaci ɗaya. Ba zai fito ruwan hoda mai ihu irin na hoton ba don fatar bagaruwa tana da ɗan duhunta, zai fi kama da bawon albasa, amma rini ne ya shiga jiki ba ya ɓarewa. Sai dai ki rina fatun duka rana ɗaya daga kwaɓi ɗaya in ba haka ba tumtum 6 kala 6 za ki samu. In kuma ta nace sai mai ihun nan to ki gaya mata fatar roba ta kanti ce ke ba da shi, ta fi arha ma, kar a ɓata ta akuya a banza.

Mai hula, Ƙofar Atiku:
Ƙari a kan na Ɗan Majema, kar ki yi gardama da baki, baki ba ya cin kwastoma. Ki ɗauki ragowar fata guda 2 kamar tafin hannu, ɗaya ki yi mata yadda ta ce da fenti da gam da duwatsu, ɗaya ki yi da rini da zare ruwan gwal, ki ɗora su kan kwano kwana 3 su sha rana sannan ki kai mata ki ce ta lanƙwasa da hannunta. Garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu wane gam ne zai riƙe dutse? Ni haka nake yi da masu son a cusa min kala 6 a hula, in zana a takarda in jera zaren a kai su gani, rabinsu da kansu suke cewa a cire biyu.

Anti mai kwarashi, Arkilla:
Duwatsun ma a kan abin zama za su riƙa kama leshin baƙi suna ja, ga yara masu rarrafe da kai komai baki. A jakar dai ba laifi amma ɗinkawa za ki yi, ki nemi masu huji

Usee Tela, Mabera:
Masu huji akwai su wajen masu kayan teloli a sabuwar kasuwa, ki ce na ɗinki kike so ba na guga ba don in ba ki faɗa ba na guga za su miƙo miki

Maman Ihsan, Runjin Sambo:
Salam, na dawo da bayani. Na yi samfur 2 kamar yadda Mai hula ya ce na kai mata yau da la'asar, tana lanƙwasa mai fentin ya yi layi-layi dutse 2 suka faɗo a cinyarta, ta yi dariya ta ce a bar fenti. Zancen suna kuwa tun ban ƙarasa ba ta ce subhanallahi a cire, za a yi na bango. Amma ruwan hoda yana nan daram, har ta ce bawon albasar ya yi mata sanyi in ƙara masa ƙarfi, kuma jaka 2 duwatsu cike gaba da baya ba ragi. Har yanzu ba zan ce yana burge ni ba amma na karɓi adibas ta kuma yi min vois. Alaben uwar ango kaɗai ta ce in yi yadda na ga dama, shi kam ja da baƙi zai sha. Ɗan Majema fata 14 nake so marasa rini masu haske, zuwa Alhamis zai yiwu?

Ɗan Majema:
10 ke ƙasa yanzu Anti, sauran suna cikin bagaruwa sai Asabar. Ki turo yaro da safe ya zaɓa kafin masu takalma su rigaye ki