Wane filin golf na nesa ya cancanci wahalar hanya daga Maraɗi?

Alhaji mai taki: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nike nema. Bayan an gama girbi kasuwar taki za ta lafa, ina so in ɗauki mako guda in tafi wani wuri mai nisa inda otal da filin golf suke haɗe, in kwana nan in tashi nan in buga. Ni dai duk golf ɗina na Rio Bravo ne, can Yamai bakin hanyar Tillaberi. An ambata mini Uyo a Najeriya, wani kuma ya ce Maroko. Wanda ya san hanya ya yi magana.

Kawu tsohon ɗan duwan: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga zancen gari, ka san cewa wasan da ka iya da wanda za ka tarar ba ɗaya ba ne. A Rio Bravo kana yawo da ƴar tabarmarka ta ciyawar roba, ka shimfiɗa, ka ɗora ƙwallo, ka buga. Ko sandar ta ɗan riga ƙwallon taɓa ƙasa, tabarmar tana rufa maka asiri, sandar ta zame ta wuce. A kan ciyawar gaske babu wanga rufin asiri. Sanda ta shiga ƙasa kafin ƙwallo, sai ka ga ɓangaren ƙasa ya tashi ya fi ƙwallon tafiya. Sannan wurin rami. Mu namu yashi ne da aka cuɗa da mai, a ja shi ya yi sumul, ka buga da ƙarfi kai tsaye. Can kuwa ciyawa ce da aka aske ƙwal, ƙwallo na gudu, gangara kaɗan ta karkatar da shi. Ƙarfin da ka saba sa wa bugun mita 5 zai kai shi mita 10. Ranarka ta farko kada ka shiga ramuka 18. Ka tsaya filin gwaji, ka biya malamin wurin awa guda.

Alhaji mai taki: Kawu, ai ka karya mini gwiwa tun ban fita gida ba.

Kawu tsohon ɗan duwan: Gara in karya ta nan Maraɗi kyauta.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano: Ranka ya daɗe, ni Uyo zan ce maka. Otal ɗin yana wajen gari, wajen Nwaniba, a jihar Akwa Ibom. An buɗe shi a 2007 da sunan Le Méridien, daga baya aka sa masa suna Ibom Icon. Ramuka 18 ne cikin itatuwan kwakwar manja, ga tudu ga kwari ga ruwa. Kana fitowa daga ɗaki kana ganin filin. Hanya kuwa mun san ta: Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina. Daga Katsina ko Kano ka hau jirgi zuwa Abuja, daga Abuja kuma Ibom Air ya kai ka Uyo, kamfanin jihar ne da ya fara tashi a 2019. Abu guda: tsakanin Jibiya da Katsina da rana tsaka ake bi, kowa ya san halin da yankin ke ciki. Kada ka yarda magariba ta same ka a kai. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kuma ka yi canjin naira tun daga nan.

Likita: Ina goyon bayan Uyo amma da sharaɗin lokaci. Daminar can ba irin tamu ta wata uku ba ce, tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai har Oktoba ko ma Nuwamba. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinka, kuma ya yi daidai da bayan girbi. Amma Alhaji, zafin can daban ne. Namu bushe yake, zufa na fita tana bushewa. Can iska jiƙe take, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa, ga ramuka 18 tafiya ce ta kusan kilomita 8 zuwa 10 cikin awa huɗu ko fiye. Ka nemi bugun farko da sassafe, ka gama kafin azahar. Ruwa a kowane rami ko ba ka jin ƙishi. In kana shan maganin hawan jini ka zo mu yi magana kafin ka tafi. Safar hannu ka tafi da biyu ko uku, ɗaya na jiƙewa sanda za ta fara zame maka.

Malamin lise: Ni ban gane ba. Me ya sa za a tsallake Jos a tafi har bakin teku? Filin Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, shi ake kira mafi tsufa a Najeriya. Garin yana kan tudu mita 1,200 da wani abu, sanyi mai daɗi, Hausa ake ji ko'ina, tuwo da masa ba sai ka nema ba.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano: Malam, Alhaji bai ce yana neman inda za a ji Hausarsa ba. Rayfield kulob ne na ƴan gari, ka kwana wani wuri ka zo ka buga ka koma. Abin da yake so shi ne inda wayarsa za ta huta, babu mai zuwa gaishe shi. A Jos kwana biyu ƴan uwan abokan cinikinsa za su gano shi.

Malamin lise: To wannan kam gaskiya ne. Amma in zai bi ta Abuja ya tsaya kwana ɗaya ya taka ciyawar filin golf na IBB da ke can, ta zama share fage.

Hajiya mai atamfa: Ku gafarce ni in sa baki, ni ba na bugawa amma maigidana yana yi, kuma ni ke haɗa masa kaya. Alhaji, in da Hajiya za ka tafi, Maroko ta fi. A Uyo in kai kana fili ita me za ta yi, kallon ruwan wanka? A Maroko abinci halal ne ba sai ka yi ta tambayar wa ya yanka ba, ga kiran salla kana ji. Daga Yamai akwai jirgin Royal Air Maroc zuwa Kasabalanka. Wurare biyu zan faɗa. Mazagan, kusa da El Jadida, kamar awa ɗaya da ɗan wani abu daga Kasabalanka, filin yana kwance bakin teku. Sai dai in gaya maka tun yanzu, akwai gidan caca a cikin otal ɗin, kada ka je ka ce ban faɗa ba. Na biyu Mogador a Essawira, shi ne mai nisan gaske, sai ka yi kusan awa uku a mota daga Marakesh. Duka biyun Gary Player ne ya tsara su, shahararren ɗan wasan golf ɗin nan na Afirka ta Kudu. Essawira tsohon gari ne mai ganuwa, ga kasuwar kayan katako da man argan, ga kifi ana gasawa bakin tashar jiragen ruwa. Mace ba za ta gaji ba.

Kawu tsohon ɗan duwan: Hajiya ta faɗi gaskiya amma ta ɓoye iska. Essawira garin iska ne, shi ya sa masu wasan allo a kan teku ke cika shi, musamman Yuli da Agusta. Mai buga ƙwallo sama zai ga an dawo masa da shi. Amma a nan ɗan Nijar yana da abin faɗa: wanda ya saba bugawa cikin hunturu ya riga ya koyi kwantar da ƙwallo ƙasa-ƙasa ya bar shi ya gangara. Ka ɗauki sandar da ta fi tsawon tafiya, ka rage ƙarfin hannu. Yawancin baƙi akasin haka suke yi.

Ƙanenku na Amurka: Yayyena, tunda nisa ake magana, ku bari in ambaci Bandon Dunes a gaɓar tekun jihar Oregon. Mike Keiser ya buɗe shi a 1999 a wurin da babu komai sai tudun yashi da iska, mutane suka ce wa zai zo nan. Daga Fotland sai ka yi awa huɗu da rabi a mota. Yau filaye manya biyar ne: na farkon, sai Pacific Dunes a 2001, Bandon Trails a 2005, Old Macdonald a 2010, Sheep Ranch a 2020. Ba a hawa ƴar motar fili sai mai larurar lafiya, ƙafa ce kawai, kai da mai ɗaukar maka jaka. Ɗaki kuma sai ka kama tun shekara guda kafin zuwanka.

Alhaji mai taki: Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, amma kuɗin jirgin kaɗai tirelar taki ce. Bar mu nan kusa tukuna.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano: Batun sanduna. Doka ta ce 14 ne iyaka a jaka, amma kai ba ka buƙatar rabinsu. In za ka sa su a jirgi ka sayi jaka mai tauri, ka naɗe kawunan da tawul. Wani kamfanin jirgi ya taɓa miƙo mini babbar sandata gida biyu, na yi ta zirga-zirga ban samu ko sisi ba. Ka kira otal ka tambaya ko suna ba da haya, in akwai ka tafi da takalmi da safar hannu kawai. Ƙwallaye kuwa ka ɗebi masu arha da yawa. A yashi ƙwallo ba ya ɓata, daga nesa kana hango shi. A Uyo ciyawa da ruwa za su ci maka rabin dozin a yini, kuma minti 3 kawai doka ta ba ka ka nema.

Likita: Kuma ka ɗauki kadi, wato mai ɗaukar maka jakar sanduna, ka saurare shi. Shi ya san inda ƙasa ta karkata. Ka tambayi abin da aka saba ba su tun a wurin biya, ka ƙara masa a kai.

Hajiya mai atamfa: Riga mai kwala da wando na yadi, Alhaji. Ba za su bar ka ka shiga da babbar riga ba.

Alhaji mai taki: Na gode ƙwarai. Ga yadda na gani: bana Uyo a watan Janairu, ni kaɗai, in kwana Abuja kamar yadda Malam ya ce. In ciyawa ta karɓe ni, baɗi Essawira da Hajiya. Likita, zan biyo ta asibiti ranar Litinin in Allah ya so. Akwai mai zuwa mu raba kuɗin mota zuwa Katsina?

Kawu tsohon ɗan duwan: Sa sunana, amma sai bayan 10 ga wata, fansho bai shigo ba kafin nan.