Neman kalma: me za mu kira irin wasan Samuel Foote?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamaina. Ina da shiri a rediyo ranar Alhamis kan wani ɗan wasan kwaikwayo na Ingila, Samuel Foote, haifaffen Truro a 1720, ya rasu a Dover a 1777. Shi ke rubuta wasanninsa, shi ke hawa dandamali ya yi. Sana'arsa ita ce ya ɗauki sanannen mutum mai rai, ya kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa, mutanen Landan su yi ta tuntsira dariya. Turawa na ce wa wannan satire. Na rubuta "barkwanci", furodusa ya soke, wai ya yi sanyi. Gobe da azahar zan miƙa rubutun, ku taimaka.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Zambo.

Malamin Adabi: Ba zambo ba ne. Maroƙi yana yi wa abokin gabar ubangidansa zambo ne don ya faranta wa ubangidan rai. Shi wannan wa yake wa? Mai tikiti kawai. Habaici ma bai yi ba, don habaici ana sakaya suna.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, ai shi ma yakan canza suna, sai dai kowa ya san wa ake nufi. Akwai wani mai ɗab'i a Dublin, George Faulkner, mai ƙafa ɗaya. A 1762 Foote ya fito yana ɗingishi irin nasa, ya laƙaba masa Peter Paragraph. Mutumin ya maka shi kotu, ya kuma yi nasara. Bayan shekara huɗu, a 1766, doki ya ka da Foote, aka yanke masa tasa ƙafar.

Hajiyar Fagge: Alhaki kwikwiyo! To daga nan ya tuba?

Mai Fassara: Ina fa, Hajiya. Da ƙafar katakon ya koma dandamali, ya rubuta wa kansa wasannin gurgu. Na 1768 kan wani shaiɗani ne mai dogara sanda biyu, likitoci ya caccaka a ciki.

Injiniya: Matsalarmu ke nan, kullum sai mu lalubo tsohuwar kalma mu yi mata ɗori. A ƙirƙiro sabuwa mana. Na daɗe ina ba da shawarar ZAMBANCI. Zambo da ɗafin -anci, kamar malanci, kamar sarauta da sarautanci. Mai yi kuma bazambance.

Ɗan Zariya: Wa ke cewa sarautanci? Kuma ka ce bazambance a rediyo, mai sauraro zai ɗauka ɗan damfara ne. Zamba zai ji.

Injiniya: Da aka kawo "na'ura mai ƙwaƙwalwa" haka aka yi ta dariya.

Ɗan Zariya: Shi ya sa yau kowa kwamfuta yake cewa.

Baba na Maraɗi: Ɗiyata, kin yi nisa alhali abin yana ƙofar gida. Wannan mutum ɗan kama ne. Ina yaro na ga ɗan kama ya zauna a kasuwa da rawani, ya buɗe wata tsumma kamar littafi, yana jan baƙi da muryar malamai, amma duk karatun tuwo ne da miya da man shanu. Ba ki ce Baturen naki ya taɓa mai wa'azi ba?

Mai Fassara: Ya taɓa, Baba. A 1760 ya yi wasa a kan George Whitefield, babban mai wa'azin ɗarikar Kirista ta Methodist, har da kwaikwayon harararren idonsa. Mabiyansa sun fusata ƙwarai.

Malamin Adabi: Kamannin akwai, amma ɗan kama ba ya da gidan wasa. Foote kuwa ya riƙe na Haymarket a Landan. Dokar 1737 ta bar wasan kwaikwayo a hannun gidaje biyu kacal a Landan, Drury Lane da Covent Garden, shi ya sa a 1747 yake tallar cewa a zo shan cakulan, daga baya shayi, wasan kuma kyauta. Lasisin ma sai da ya rasa ƙafa ya samu, domin a gaban ƙanin Sarki George na Uku ya faɗi, shi ya nema masa izinin wasa daga Mayu zuwa Satumba har ƙarshen ransa. Ki ce masa ɗan kama, mai sauraro zai hango mabaraci a bakin kasuwa.

Baba na Maraɗi: Mabaraci? Malam, wannan raini ne. Ku a Nijeriya in abu bai bi ta jami'a ba, ba Hausa ba ne a wurinku. Mu nan teyatur muke cewa, ba mu nemi izinin Kano ba.

Hajiyar Fagge: Mu kuma in aka ce tiyata, wuƙar likita ce. A labarin mutumin da aka yanke wa ƙafa, Baba, sai a rasa wacce ake nufi.

Injiniya: Kun gani ko? Teyatur Faransanci, kwamedi Turanci, yaranmu duk "ɗan kwamedi" suke cewa. Zambanci dai.

Malamin Adabi: Injiniya, "dandamali" ka yarda da ita, "lasisi" ka wuce ta ba ka ce uffan ba. Baba, ka yi haƙuri, ban nufi raini ba.

Ɗan Zariya: Malama, lokaci na tafiya. Ki raba biyu. Shi mutumin: gwanin kwaikwayon mutane. Rubutunsa: wasannin shaguɓe. Shaguɓe na da dariya, na da cizo, ba ya buƙatar ubangida.

Malamin Adabi: Shaguɓe jifa ne a fakaice, shi kuwa wannan gaba da gaba yake yi. Samuel Johnson, shahararren marubucin Ingila, da ya ji Foote zai kwaikwaye shi, kulki ya ce a sayo masa. Amma ba ni da wadda ta fi ta.

Mai Fassara: Na gode duka. Na sa "wasannin shaguɓe", a farkon shirin kuma zan ce kamar ɗan kama ne da ya samu gidan wasa nasa, don Baba. Furodusa ya karɓa, ya ce dai ta ɗan yi tsawo.

Baba na Maraɗi: "Kamar" ɗin ce ban so ba. Allah ya ba da sa'a.

Injiniya: In za a maimaita shirin, a gwada tawa sau ɗaya a ji.