Jan cinnaka ya hana yarana wasa a bayan gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watanmu biyu da tarewa a Houston, nan Amurka. Shekaranjiya bayan an ɗauke ruwa autana ya taka wani tulin ƙasa mai laushi cikin ciyawa, kafin in sure shi jan cinnaka ya lulluɓe masa ƙafa. Washegari fararen ƙuraje suka feso. Maigida ya ce a kwarara fetur a ramin. Don Allah ya zan yi?

Wata uwa daga Dallas: Wayyo, sannu Maman yara, Allah ya ba shi lafiya. Kar ki bari ya fasa ƙurajen, ki wanke da sabulu ki ɗora ƙanƙara cikin tsumma. In kin ga leɓe ya kumbura ko numfashi yana sarƙewa, ki kira lambar gaggawa ta 911 kai tsaye. Fetur kuma ki ba Alhaji haƙuri, ciyawa zai ƙone.

Wani ɗalibi a Alabama: Anti, jan cinnakan nan shi ma baƙo ne kamar mu. Asalinsa Kudancin Amurka, wajen Brazil da Ajantina. Ta tashar jiragen ruwa ta Mobile, nan jiharmu, ya shigo a shekarun 1930. Abin da ya yaɗa shi kuwa mutane ne: ana safarar ciyawar dashe da tukwanen furanni, sarauniyar cinnakan, wato uwar da ke yin ƙwai, na kwance cikin ƙasar. Shi ya sa tun 1958 gwamnati ta sa takunkumi kan fitar da irin wannan kaya daga yankunan da ya kama. Duk da haka ya ɓulla a Brisbane ta Ostiraliya a 2001, a 2023 kuma aka tabbatar da shi a tsibirin Sisili na Italiya.

Wata tsohuwar mazauniyar Houston: Ƙanwata, ki bar bin tuli ɗaya-ɗaya, muddin sarauniya na raye gefe za su koma. Ki sayi maganin tarko irin Amdro, ki barbaɗa a duk filin ranar da ƙasa ta bushe, su da kansu za su kai mata. Sai an yi haƙurin makonni. Ruwa ma ba ya cinsu. Lokacin ambaliyar Harvey a 2017 da idona na gan su sun dunƙule suna yawo a kan ruwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Maƙwabciyata ma ta ce mu zuba rana ɗaya, don kar su tsallako katanga.