Neman kalma: me za mu kira asusun da Jamus ke sa ɗalibai su buɗe kafin biza?

Mai Shiri, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Malamai, a agaza mani, lokaci ya ƙure. Gobe da ƙarfe goma na safe za mu naɗi shirin rediyo kan shirye-shiryen fita karatu waje, kuma iyaye muke nufi da shi, ba ɗaliban ba. Biza, fasfo, kuɗin makaranta, inshorar lafiya, duk waɗannan kunne ya saba da su. Inda na cije shi ne abin da ake kira "blocked account" da Ingilishi, Jamusawa kuma su ce Sperrkonto. Kafin ofishin jakadancin Jamus ya ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da abin da zai riƙe shi shekara guda, kuma hanyar da aka fi bi ita ce ya zuba kuɗin gaba ɗaya a wani asusu na musamman da sunansa tun yana gida. Daga Satumban 2024 adadin Yuro 11,904 ne. Ba ya iya kwashe su lokaci guda, in ya isa can kowane wata ake sakar masa 992. Na rubuta "tosasshen asusu" amma raina bai kwanta da shi ba.

Ma'aikaciyar Banki: Wa alaikumus salam. Yaya, don Allah goge tosasshen nan. A wurin aikinmu duk wanda ya shigo yana cewa an toshe masa asusu, to ko BVN ɗinsa ya samu matsala ko an kai ƙararsa. Uba ya ji a rediyo cewa zai zuba miliyoyi a asusun da za a toshe, ai daga nan ya kashe maganar. Rufaffe ma bai yi ba, asusun da aka rufe ya mutu ke nan. Ni "killataccen asusu" nake gani. Abin da aka killace yana nan, na mai shi ne, hannu ne kawai ba ya kai masa yadda aka ga dama.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Asusun jingina fa?

Ma'aikaciyar Banki: A'a. Jingina sai da bashi, kuma in ka gaza biya kayanka sun tafi. Nan ba wanda ke bin yaron ko sisi.

Ɗalibi a Jamus: Gaskiyar Anti ce, kuɗinka ne daga farko har ƙarshe. Bari in ƙara abin da ya kamata iyaye su ji, ko wace kalma aka ɗauka. Saukarka daga jirgi ba ta buɗe asusun. Sai ka samu ɗaki, ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshinka, ka buɗe asusun banki na yau da kullum, sannan ka tura takardun a fara turo maka na wata. Wannan yana iya cin makonni, kuma a cikinsu mai gida yana jiran kuɗin ajiya na haya. Wanda ya zo hannu rabbana yana cewa ai kuɗinsa na asusu, zai sha wuya. Dole a riƙo wani abu daban a aljihu. Na biyu, in aka hana ka biza kuɗin suna dawowa, ka nuna takardar ƙin da ofishin jakadanci ya ba ka, sai dai kamfanin ya cire ladan hidimarsa. Na uku, ba kowa ne ke buƙatarsa ba. Mai cikakken tallafin karatu irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafi, takardar tallafin ta ishe shi, haka wanda wani mazaunin Jamus ya tsaya masa a hukumance ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyinsa.

Hajiya Uwar Ɗalibai: Ni ban yi zurfi a boko ba, amma da na ji bayanin yaron nan abin da ya faɗo mani shi ne guzuri. Ku ce asusun guzuri.

Tsohon Malami, Daura: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma raina ya sosu tun daga layin farko. Biza, fasfo, inshora, banki. Ɗana Mai Shiri ya ce kunne ya saba da su, to wa ya sabar da shi in ba ku masu rediyo ba? Kalma ɗaya kuke nema alhali jimlar gaba ɗaya aro ce. Amma bari in ba ku abin da kuka tambaya. Sunansa rumbun ɗalibi. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda abin yake. In an gama girbi a zuba damman gero a rumbu, a ɗora masa jinka, ba mai taɓawa sai maigida. In lokaci ya yi a kafa tsani, yaro ya shiga ya miƙo dami ɗaya, mata su sussuka, a ci har ya ƙare sannan a sake hawa. Abincin shekara a wuri guda, ana fitar da shi da lissafi don kada a wayi gari cikin damina babu komai. Ku gaya mani inda wannan ya saɓa da abin da Bajamushe ya tsara. Mun riga shi sanin wannan hikima, me zai sa mu ari bakinsa?

Mai Shiri, Ƙofar Ƙaura: Allah ya gafarta Malam, siffar ta dace ƙwarai. Tsorona shi ne 'yan kwamfuta sun riga sun ɗauke rumbu, rumbun bayanai ake cewa, ga kuma rumbun gwamnati na hatsi. In na ce rumbun ɗalibi wani zai ɗauka tallafin abinci ake rabawa.

Tsohon Malami, Daura: To ka yi bayani. Aikinka ke nan. Kalma ba ta zama sai an dage a kanta. Kuma ka bar cewa biza, ka ce izinin shiga. Fasfo kuma takardar ƙetare.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Baba, da girmanka, alƙalamin da ka koyar da mu da shi da littafin duk daga Larabci suka zo. Kasuwa daga Barebari, agogo daga Yarbawa. Yaushe aro ya zama abin kunya? Tsohuwar da ta je Hajji sau ɗaya ta san biza.

Tsohon Malami, Daura: Waɗancan sun shigo a hankali, bakin kakanninmu ya tauna su shekara da shekaru har suka narke. Na yanzu zubo su ake yi dare ɗaya ta waya. Jikokina suna cewa za su yi "afilayin", kalmar nema ta gagare su. Yaron da za a tura Turai bai iya faɗin abin da zai je yi da harshen uwarsa ba, da me zai dawo? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuma ba mamaki in wannan magana ta fi damun mu mutanen Daura, tushen abin a nan yake.

Na Gobarau: Malam, tushe naku ne, ba mai ja. Amma in maganar ilimi da fita nemansa ake, a bar wa Katsina. Hasumiyar Gobarau tana tsaye shekaru ɗaruruwa. Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani a nan suke kwance. Muhammadu al-Kashinawi daga nan ya tashi ya yi Hajji ya zauna Alƙahira yana rubuta littattafai har ya rasu can a 1741. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ita ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Mi ya sa kullum in za a yanke kalma sai a ce a jira Kano? Mu ma muna da malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, a kai masu su zauna a kai.

Baƙo daga Kano: Ba wanda ya ambaci Kano sai kai, ɗan'uwa. Amma tunda ka taɓo, daidaitacciyar Hausa da kake karantawa a jarida a kan karin Kano aka fi gina ta, kuma Jami'ar Bayero ce ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006. Wannan ba gori ba ne, aiki ne aka yi.

Na Gobarau: An yi aiki, mun gode. Amma shirin nan mutanen Batagarawa da Jibiya da Mani za su saurare shi, ba na Fagge ba.

Tsohon Malami, Daura: Kuma mutanen Batagarawa da Mani kowa da rumbu a gidansa. Kun dawo kan maganata.

Hajiya Uwar Ɗalibai: Malam, Alhaji na Gobarau, ku yi haƙuri in katse ku. Yaron nan gobe zai shiga aiki, ku kuna rabon gado. Ni abin nan ya taɓa gidanmu. Ɗan ƙanwata ya samu gurbi, wani mai shirya tafiye-tafiye ya zo har zaure da jaka da takardu masu tambari, ya ce wa uban kuɗin nan toshe su ake yi, kuma ɗan Najeriya ba ya iya toshewa da kansa, sai a zuba a asusunsa shi ya wuce da su. Uban ya sayar da fili da shanu biyu. Takardar shaidar da mutumin ya kawo ta jabu ce, biza ba ta fito ba, wayarsa kuma ta daina shiga. Da uban ya san cewa asusun da sunan ɗansa ake buɗe shi, kuma yaron na iya cike komai da kansa ta intanet, da bai miƙa ba. Kalmar da ba a gane ta ita ce jarin macuta. Shi ya sa na ce guzuri. Kowane maniyyaci ya san kuɗin guzuri nasa ne, ba na jami'in alhazai ba, ba na mai jirgi ba. Ka ce wa Bahaushe guzurin ɗansa ne, ba zai yarda ya shiga aljihun wani ba.

Ma'aikaciyar Banki: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Hujjarki ta fi tawa ƙarfi ta wannan fuskar. Inda nake da ja shi ne mu a banki kuɗin guzuri sunan canjin da matafiyi ke saya ne ya riƙe a hannu. Kada mutum ya zo yana neman wancan yana zaton ya cika sharaɗin Jamus. A canjin da aka yi ta gani a 2025 fa maganar kusan naira miliyan 20 ake yi, ba wurin ruɗani ba ne.

Tsohon Malami, Daura: Ga kuma wani aibin. Guzuri na hanya ne. In matafiyi ya sauka, guzuri ya gama aikinsa. Wannan kuwa sai an sauka yake farawa. Abincin zama ne, abincin zama kuwa a rumbu yake.

Na Gobarau: Almajirin da aka kai gabas da buhun gero da ƙuli-ƙuli, mi ake ce ma abin da aka haɗa mashi? Guzuri. Kuma can zai zauna ya ci shi. Ɗalibi matafiyi ne har ranar da ya dawo.

Ɗalibi a Jamus: Ni da nake cin abin, guzuri ya fi kama da yadda nake jin sa. Amma Yaya Mai Shiri, ka faɗi Sperrkonto ɗin ko sau ɗaya, don shi yaro zai gani a takarda. Kuma kada a ce karatu kyauta ne kawai a yi shiru. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, gaskiya ne, amma akwai kuɗin zango da kowa ke biya, jihar Baden-Württemberg kuma tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Bizar kanta Yuro 75. Adadin asusun ma yana motsawa, kafin Satumban 2024 11,208 ne, don haka ka leƙa shafin ofishin jakadancin da safe kafin ka shiga ɗakin naɗi.

Ɗan Sabuwar Unguwa: To na Ingila fa, shi ma asusun guzuri ne?

Ma'aikaciyar Banki: A'a, kada a haɗa su. Ingila ba ta riƙe kuɗin. Suna zaune a asusunka ko na mahaifinka, sharaɗin dai su kwana 28 a jere ba su yi ƙasa da adadin da aka yanka ba, wato ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da na zama har wata tara. Ko kwana ɗaya suka gaza, an sake lissafi daga farko. Wancan shaida ake nema, ba ajiya ba. Kanada ce ke da mai kama da na Jamus, wanda suke kira GIC.

Mai Shiri, Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga yadda na rubuta: "asusun guzuri, wanda Jamusawa ke kira Sperrkonto, asusu ne da ake buɗewa da sunan ɗalibin, kuɗin suna killace, ana sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata." Daga nan sai in ci gaba da asusun guzuri kawai. Hajiya, in kin amince zan ba da labarin ɗan ƙanwarki ba tare da suna ko unguwa ba. Baba Malam, zan kawo misalin rumbu wajen bayani, kuma zan ce wani dattijo daga Daura ne ya ba mu shi. Biza dai zan bar ta biza. Na Ingila na sa "shaidar kuɗin zama" na wucin gadi, ban gamsu da shi ba.

Hajiya Uwar Ɗalibai: Na amince, ɗana. Ka nanata masu da sunan yaron ake buɗewa.

Tsohon Malami, Daura: Guzuri dai Hausa ce tsantsa, ba zan yi faɗa da ita ba. Amma ban janye ba, rumbu ya fi shi daidai, kuma ni da shi zan ci gaba da kiransa. Wannan "shaidar kuɗin zama" kuwa kada ka kuskura ka bar ta haka, kamar harajin zama a gari take. Ka ce shaidar wadata.

Ma'aikaciyar Banki: Wadata ta yi yawa, Baba. Mafi yawan masu kawo mana takardar nan gona suka sayar.

Mai Shiri, Ƙofar Ƙaura: Ingila sai shirin mako mai zuwa, akwai sauran lokaci. Wanda ke da wata kalmar ya ajiye ta nan kafin Laraba.